Yadda Za Ki Zaɓi Alkamar Niƙa a Gida

1. Tun kafin ki fita, ki san abin da za ki yi. Gurasa da funkaso gari mai laushi suke so, alkaki kuwa ɓarzajjiyar alkama yake buƙata.

2. A kasuwa, ko Dawanau ce ko ta unguwa, ki tura hannu can cikin buhu ki ɗebo, kada ki tsaya ga na saman kwano. Ki baza a tafin hannu. Ƙwayar da ta cika ta yi ɓul-ɓul ita ake nema. In kin ga 'yan ƙananan huji ko gari-gari na manne wa yatsu, ƙwaro ya riga ki. Ki bar ta komai arharta.

3. Ki ciji ƙwaya ɗaya. Busasshiya takan fashe ƙas, mai danshi kuwa lotsewa take yi, kuma za ta yi fumfuna a ajiye.

4. Ki shinshina. Warin maganin ƙwari ba abin wasa ba ne, yara za su ci abin nan.

5. A gida ki sheƙe, ki rege tsakuwa, ki shanya ta bushe sarai.

6. Ki niƙa na mako ɗaya ko biyu kawai, don garin da ba a cire masa dusa ba yana saurin yin ɗaci.