Idan Ciwon Hanta Ya Tashi a Ƙasa Mai Tsarki: Abin da Maniyyaci da Abokin Tafiyarsa Za Su Yi

Mai daɗaɗɗen ciwon hanta da ya yi niyyar Hajji ko Umara ya kamata ya san cewa a ranar da ciwon zai tashi, mai yiwuwa ne ba zai iya yi wa likita bayani da bakinsa ba. Hantar da ta yi tabo ta ƙanƙance ba ta iya tace gubar da ke cikin jini, kuma idan gubar ta kai ƙwaƙwalwa sai mutum ya rikice. Saboda haka shirin farko shi ne a sami takarda da mutum waɗanda za su yi magana a madadinsa.

Makonni kafin tafiya, maniyyaci ya ga likitansa ya tambaye shi kai tsaye ko jikinsa zai ɗauki wannan tafiya, domin hukumomin lafiya na Saudiyya sun sanya ciwon hanta mai tsanani cikin lalurorin da ke hana zuwa Hajji. Idan likita ya amince, sai ya rubuta bayani da Turanci mai ɗauke da sunan ciwon, sakamakon gwajin jini na baya-bayan nan, rukunin jini, da ainihin sunan kowane magani da adadin da ake sha. A ajiye takardar tare da fasfo, a kuma ɗauki hotonta a waya. Magunguna su zauna a jakar hannu cikin kwalayensu na asali, da rarar mako biyu. Wannan ya fi shafar masu shan tenofovir ko entecavir saboda ciwon hanta nau'in B, domin yanke su kwatsam kan sa ƙwayar cutar ta farfaɗo da ƙarfi.

Sai batun da na fi damuwa da shi. Da yawa daga cikinmu muna ɓoye wannan ciwo saboda kunya ko tsoron tsangwama, har mutum ya kwana ɗaki ɗaya da abokan tafiya babu wanda ya san halin da yake ciki. A ganina wannan kuskure ne mai iya cin rai. A zaɓi mutum ɗaya amintacce, a nuna masa inda takardar take, a koya masa alamomin haɗari.

Mafi gaggawa a cikinsu shi ne aman jini, ja ko mai kama da gari-garin kofi, da kuma baƙin bahaya mai yauƙi kamar kwalta. Wannan yana nuna cewa jijiyoyin da suka kumbura a maƙoshi ko a tumbi sun fashe. Kada a ba majinyacin abinci ko abin sha, kada kuma a jira gari ya waye. A kwantar da shi a kan gefensa don kada aman ya shaƙe shi, a kira 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya ta Saudiyya, ko 911 a Makka. A asibiti za a yi masa ƙarin jini idan da buƙata, sannan a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ɗaure jijiyar.

Alama ta biyu takan zo a ɓoye. Alhaji ya koma barci da rana da farkawa da dare, ya manta lambar ɗakinsa, ya yi ta maimaita tambaya ɗaya, ko tafin hannunsa ya riƙa kaɗawa idan ya miƙe hannu. Abokan tafiya sukan ce gajiyar ɗawafi ce, su bar shi ya huta, alhali asibiti yake buƙata. Taurin bahaya da bushewar jiki cikin zafin Mina da Arfa suna cikin abubuwan da ke jawo wannan rikicewa, shi ya sa wanda aka rubuta wa lactulose, maganin da ke sassauta bahaya, bai kamata ya bar shan sa don gudun layin banɗaki ba. Haka nan zazzaɓi tare da ciwon ciki ga mai kumburin ciki, ƙaruwar shawara a ido, ko raguwar fitsari, duk ba su jira.

Da an isa asibiti, a miƙa takardar tun kafin a tambaya. Idan harshe ya yi wuya, "talayyuful kabid" shi ne sunan ƙanƙancewar hanta da Larabci, kuma ana iya neman tafinta. A sanar da jami'an lafiya na hukumar alhazai da jagoran tawaga, a kuma nuna takardar inshorar tafiya idan akwai.

A masauki akan sami masu kyakkyawar niyya da ke miƙo maganin ciwon jiki. Mai ƙanƙancewar hanta ya guji ibuprofen, diclofenac da aspirin, domin suna iya jawo zubar jini da lahanta ƙoda, ya kuma guji maganin barci da jiƙe-jiƙen gargajiya. Farasitamol ya fi aminci, amma likitoci kan taƙaita shi zuwa giram 2 a yini.

Kafin a baro asibiti a karɓi rahoton sallama da sakamakon gwaje-gwaje, a tambayi likita a rubuce ko majinyacin zai iya hawa jirgi da kuma ranar da zai iya, sannan a kai wa likitansa na gida rahoton a makon farko da dawowa.