Shawara ga masu haɗa sandar wasan gem ta kwamfuta a gida

'Yan uwa na Garwa da Marwa, kada ku farke tsohon kibod don wannan aiki. Idan aka danna maɓallai da yawa tare, wasu ba sa shiga. Gara ku nemi ƙaramin allon USB da ake kira Zero Delay, yana zuwa da wayoyinsa, kuma kwamfuta na gane shi ba sai an loda komai ba.

Faɗin ramin maɓallan wasa a jikin akwatin katakon milimita 30 ne, na maɓallin Start 24. Ku ba kafinta awon a takarda. Idan katakon ya kai kaurin milimita 12, ku sayi maɓalli mai noti. Mai maƙalewa sai faranti siriri.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen jona waya. Makunnin da ke ƙarƙashin wasu maɓallan yana da ƙafa uku: COM (ƙafar gama-gari), NO (tana haɗuwa da COM idan an danna) da NC (tana haɗe da COM idan ba a danna ba). Ku jona COM da NO. Wanda ya sa a NC zai ga maɓallin a danne kullum.

Kafin ku rufe akwatin, ku rubuta joy.cpl a Windows, zai buɗe shafin gwada sandar wasa, ku gwada kowane maɓalli. Ku toshe ƙasan da kyau, ƙurar hunturu na kashe makunni.