Yadda ake jinyar tsoho a gida idan ya kwanta baya iya tashi

Babanmu ya yi shekara ɗaya da wata huɗu a kwance bayan ɓarin jikinsa ya shanye, a nan Gangare cikin Jos muka yi jinyarsa har Allah Ya karɓi abinSa. Toh abun da na koya ne zan faɗa ko zai amfani wani.

Babban aikin wlh juyi ne. Wanda baya iya motsi da kansa a juya shi duk bayan awa 2, dama, rigingine, hagu, har cikin dare, in ba haka ba fata tana dannuwa tsakanin ƙashi da katifa jini ya daina zuwa wajen sai ta mutu ta zama gyambo, shi kuwa gyambon kwanciya in ya buɗe sai an ji jiki kafin ya rufe. Kullum lokacin goge jiki ka duba ƙasan baya, ƙugu, dunduniya, kafaɗa da gwiwar hannu. A baƙar fata ba lallai ka ga ja ba, wajen duhu yake ƙarawa ko ka ji ɗumi ko tauri in ka taɓa. In ka gani kar a ƙara kwantar da shi ta nan, kuma dan Allah kar a murza da man zafi, mu mun yi hakan sai da wata nas ta wanke mu tas. Filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya bata taɓa katifa. Zanin gado a miƙe shi, famfas in ya jiƙe a canza nan take. Matsar da shi kuma mutum biyu ne su ɗaga da zani, ba a jansa kaman buhun dankali. Katifar iska tana taimakawa amma da wuta take aiki, kun dai san yadda wuta take, so kar ta sa a bar juyi.

Abinci a zaune ake ba shi, kuma ya zauna kaman minti 30 bayan ya gama. Ruwa tsululu ya fi shaƙe su, mu kunun gyaɗa mai kauri da gwaten acca da dankali damamme muka fi yi, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye. In yana tari duk haɗiya a gaya wa likita, abincin cikin huhu yake zarcewa, daga nan sai namoniya, wato ciwon huhu.

Sanyin Jos a Disamba da Janairu ba sai na faɗa ba. Amma kar a kai kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Gorar ruwan zafi ma kar a jingina ta ɓangaren da ya shanye, zai ƙone bai ji ba. Safa, hular sanyi, bargo biyu.

Ku sayi littafi ɗan 40 lif, a rubuta lokacin magani, juyi, bayan gida, da shi za ku je asibiti ko JUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Jos) a Lamingo ko ina ne. In ciwo ya yi tsanani likita ya rubuta mofin (maganin rage ciwo mai ƙarfi), a bayar kan lokaci ba sai ya fara nishi ba, a kuma roƙi maganin sassauta ciki don mofin yana ɗaure ciki sosai.

Sai rabon aiki. Wata ukun farko matar Yaya aka bar wa komai har ta rame ta fita hayyacinta, mu kuma sai mu leƙo "sannu Baba, ya jiki" mu ajiye lemo mu wuce, kunya ma nake ji in na tuna. Daga baya muka buɗe guruf a WhatsApp, kowa da darensa, na Abuja su turo kuɗin famfas da magani ƙarshen wata, maza su yi masa wanka da tsarki tunda ya fi sakewa da su.

In kwana ya ƙarato zai rage ci ya yawaita barci. Kar a ɗura masa. A jiƙa auduga a shafa masa a leɓe, a rage masu shigowa, wanda ke kusa ya dinga faɗin kalmar shahada a hankali yadda zai ji, ba tare da an matsa masa sai ya maimaita ba. Daren Goggo ne ranar da Baba ya rasu, ita ta yi wannan zaman.