Yadda Za Ka Fara Babban Burinka Daga Kan Layinku

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Angwan Rogo ko Bauchi Road a garin Jos bayan sallar isha'i ya san irin hirar. Wannan ya ce burinsa ya kafa gidauniyar da za ta ɗauke almajiran Filato daga kan titi. Wancan kuma kamfanin sarrafa shara yake hange, mai motoci goma da ofis a Abuja. A sha shayi, a yi ta tsare-tsare, har sanyi ya kora kowa gida. Shekara ta zagayo, burin na nan inda aka bar shi, kwatar da ke gaban teburin ma na nan a toshe. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ni ban ga laifin babban buri ba. Abin da ke kashe shi shi ne a ce sai da girmansa za a fara. Akwai abin da ake kira kasuwancin taimakon al'umma, wato ka ɗauki matsalar da ta dami jama'a ka gina sana'a a kanta, sana'ar ta riƙa ɗaukar nauyin kanta ba sai an je ƙofar ɗan siyasa da takarda ba. Zan yi misali da shara, don ita ce na fi sani, amma matakan za su yi wa mai son buɗe darasin yamma na yara, ko mai son busar da tumatirin da ke ruɓewa a kasuwar Farin Gada.

Da farko, ka rage burin har ya shiga jimla ɗaya

"Zan tsaftace Jos" fata ne. "Gidaje talatin na layinmu za su daina zuba shara a kwata kafin damina" aiki ne, don akwai adadi, akwai wuri, akwai rana. Rubuta irin wannan jimlar a takarda. In ka ga ba za ka iya zagaye wurin da ƙafa cikin minti ashirin ba, ya yi maka yawa, sake ragewa.

Kada ka ji kunyar ƙanƙantar abin. A 1976 wani malamin tattalin arziki a jami'ar Chittagong ta ƙasar Bangladesh, Muhammad Yunus, ya shiga ƙauyen Jobra da ke kusa da makarantar, ya tarar da masu ƙananan sana'o'i, ciki har da mata masu saƙa kujerun gora, masu ba da bashi da ruwa sun shaƙe su. Da ya lissafa abin da mutum 42 ke buƙata, duka-duka dala 27 ne. Ya ciro daga aljihunsa ya ranta musu. Bankin Grameen da ya kafa daga wannan aikin bai zama banki a hukumance ba sai 1983, lambar yabo ta Nobel kuwa sai 2006. Shekara bakwai mutumin ya yi yana aikin kafin a sami banki mai suna.

Sannan ka fita ka yi tambaya

Zuwa da kai ya fi aike. Ka ɗauki mako guda ba ka sayi komai ba, ba ka buɗe shafi a Facebook ba, tambaya kawai kake yi. Wa ke fitar da shara a gidan nan? Sau nawa a mako? Ina ake kai ta? Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: nawa kuke kashewa a kanta yanzu? Yawancin gidaje suna ba almajiri wani abu ya ɗauka, shi kuma ya juye ta a kwalbatin farko da ya samu. Ke nan kuɗin na fita tun kafin ka zo, aikin ne ba ya biyan buƙata.

Amsoshin gaskiya na wurin matan gida. Maigida zai ce maka "ba matsala, Allah ya taimaka," alhali bai san inda kwandon shara yake ba. In kai namiji ne, nemi ƙanwarka ko wata inna da ake ganin girmanta a layin ta shiga cikin gidajen.

Kafin duk wannan, je ka gaida mai unguwa. A garin da ya ga irin rikice-rikicen da Jos ta gani tun 2001, samari biyu masu bi gida-gida da littafi a hannu abin tambaya ne. Ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, wani ɗan aiki muke so mu gwada a layinmu, muka ce sai mun zo ka sa mana albarka." Ka sanar da liman. In unguwar ta haɗa Musulmi da Kirista, ka je wurin fasto ma, kuma ka tabbata cikin yaran da za su yi aikin akwai na kowane ɓangare. Kwata ba ta tambayar addinin gidan da za ta shiga.

Ka karɓi kuɗi tun ranar farko

Nan ne masu kyakkyawar zuciya suke faɗuwa, ni ma a nan na taɓa faɗuwa. Mun taɓa shirya aikin gayya na kwashe kwata duk Asabar, kyauta, don Allah. Asabar ta farko layi ya cika, har da masu ɗaukar hoto. Ta biyu muka ragu. Ta huɗu ni da wani abokina ne kawai da shebur ɗaya na aro, mai shebur ɗin ma ya aiko a karɓa. Ba mugunta ce ta hana mutane zuwa ba. Mai tuƙa keke yana da kuɗin da zai kai wa mai keken da yamma, ɗalibi yana da jarrabawa.

Ga lissafi na misali, kai ka gyara shi da farashin unguwarku. A ce gidaje 30 kowanne ya ba da naira 500 a mako, an sami 15,000. Matasa biyu masu kwasa, kowanne 5,000. A ware 2,000 don hayar baro da sayen buhuna. Ragowar 3,000 ta shiga asusu, ba mai taɓa ta, don ranar da tayar baro za ta fashe tana nan tafe. Ba wanda zai yi arziki da wannan, amma yara biyu sun sami abin yi, kuma Asabar ta huɗu za ta same su a bakin aiki.

Sharar kanta ma akwai kuɗi a cikinta in an rarraba. Robobin ruwa da lemo, gwangwani da ƙarafa, 'yan bola jari na saye a kan kilo. Ɓawon dankali, ragowar kabeji da tokar murhu kuwa taki ne, kuma masu noman rani a bakin kogin Dilimi da gefen tsoffin ramukan kuza na wajen Bukuru sun daɗe suna amfani da juji da toka a gonakinsu. Sharaɗin shi ne kada leda da batir su shiga ciki. Don haka ka ba kowane gida buhu biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na wanda ba ya ruɓewa. Abin da ya rage bayan an tsince, ka je hukumar tsaftar muhalli ta jiha, PEPSA, ka tambayi inda aka yarda a zuba. In ka kwashe daga layinku ka juye a rafin bayan wasu, ba ka yi komai ba.

A kowane layi akwai gidan bazawara mai marayu ko tsohon da ba shi da mai taimako. Ka ɗauke musu kyauta, kuma kada kowa ya ji.

Jarin farawa bai kai a je banki ba: shebur, manjagara, safar hannu, takalmin roba, takunkumi. Kwasar adashe ɗaya ta isa.

Kwana arba'in da littafi

Ka ce wa mutane gwaji ne na kwana arba'in. Wannan na sa su saki jiki su shiga, kai ma in abin bai yi ba ka janye da mutuncinka. Sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowace rana a rubuta gidan da aka je, wanda ya biya, buhu nawa aka fitar, nawa aka kashe. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutu daban. Ƙarshen wata ka karanta wa mutanen layi lissafin a ƙofar gidan mai unguwa, har naira ɗari biyun da aka sayi ruwan leda. Zargin cin kuɗi ya rusa ƙungiyoyin matasa fiye da rashin kuɗin kansa.

Wajen mako na uku gwiwarka za ta yi sanyi. Gidaje biyar za su ce "sai wani satin," wani zai kira ka ɗan bola duk da digirinka, wani kuma zai ce ai takarar kansila kake shiryawa. Ranar nan ce littafin zai yi maka rana. Buɗe shi ka ƙirga buhunan da da yanzu suna cikin kwata. Wangari Maathai ta Kenya da itatuwa bakwai ta fara a Nairobi a 1977, daga baya ƙungiyarta ta dasa miliyoyi, ita kuma ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi Nobel ta zaman lafiya a 2004. Abin da ya fi burge ni a tsarinta shi ne ana ba matan ƙauye ɗan kuɗi ne a kan dashen da ya rayu, ba wanda aka dasa aka ɗauki hoto ba.

Rajista da tallafi su zo a ƙarshe

Kada ka tsallaka layi na biyu sai na farko ya yi mako biyu yana tafiya ba tare da kai ba. Idan ya yi, ka koya wa yaran wancan layin, su riƙe nasu da kansu. A lokacin ne ya dace ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ka buɗe asusun banki da sunan. Sannan ka duba wuraren tallafi irin Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take horar da matasan Afirka tana ba su jarin dala 5,000. Mai zuwa da littafin wata shida ya fi mai zuwa da zanen tambari. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom kafin a ba ka tallafi, ɗan damfara ne.

Sai batun lokaci. A Jos ruwa kan fara sauka wajen watan Afrilu, don haka Fabrairu ko farkon Maris ne lokacin fara gwajin, kwata na bushe, sharar ba ta da nauyi. Mutanen Rikkos da Gangare da suka ga ambaliyar watan Yulin 2012 ba sa buƙatar dogon bayani a kan hanyar ruwa. In a can kake, fara tambayarka daga gidan da ya fi kusa da rafi.