Yadda ake ziyarar kufan masu haƙar ma'adinai a hamada cikin yini ɗaya

An sha tambayata yadda ake wannan tafiya. Ga ta bi da bi.

1. Bincika ko ana barin baƙi su shiga. Wasu kufan sai da izini.

2. Duba hasashen yanayi. In da alamar ruwa, fasa. Busasshen kwari kan cika da ambaliya ko da a nesa aka yi ruwan.

3. Sauke taswira a wayarka, can babu sabis.

4. Faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowarka.

5. Cika tankin mota da mai: kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya.

6. Ɗauki ruwan sha, aƙalla lita 4 ga kowane mutum. Ni har jarka nake ƙarawa.

7. Loda safayar taya, jak, shebur da famfon iska.

8. Tashi da asuba.

9. Da ka shiga yashi, rage iskar tayoyi.

Hattara: in mota ta kafe, daina taka totur, ƙara nutsewa za ta yi. Tone yashin gaban tayoyin tukuna.

10. Faka nesa da gine-gine saboda tsofaffin ƙusoshi.

11. Zaga da ƙafa, idonka a ƙasa.

Hattara: don Allah kada ka shiga ramin haƙa. Katakon da ke tokare shi ya ruɓe, iskar ciki na iya kashe mutum ba wari ba alama. Tsohuwar nakiya kuwa, ko taɓa ta kada ka yi.

12. Bar kowace tsohuwar kwalba ta kufan inda ka gan ta.

13. Juyo kafin la'asar.

14. Mayar da iskar tayoyi kafin ka hau kwalta.