Darasi na Bakwai: Idan Motar Tsere Ta Ɗauki Zafi

Wannan darasi na bakanike ne, da yaron gareji, da direban da aka damƙa wa amanar motar maigida. Motocin da za mu yi magana a kansu su ne gajerun nan masu ƙofa biyu, waɗanda cikinsu ya kusa taɓa ƙasa, irin su Ford Mustang da Chevrolet Camaro da BMW Z4 da Porsche Boxster. Ba su da yawa a Kaduna, amma suna shigowa gareji. Injinsu mai ƙarfi ne, ramin da aka cusa shi kuma matsattse. Ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga gosulo. Duk wanda zai taɓa irin wannan mota sai ya iya karanta zafinta.

Fara da lamba

Inji mai lafiya yana aiki ne ruwansa na tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyos. Ganin 100 ba abin tashin hankali ba ne. Gaskiya ne ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a wajen 100, amma ruwan inji a rufe yake. Murfin lagireto yana matse shi, sinadarin kulan da ake gauraya shi da ruwan kuma yana ƙara masa juriya, shi ya sa ba ya tafasa sai ya haura 120. Idan ka ga allura ta wuce 110 tana ci gaba da hawa, ko jar wuta ta kama, nemi gefen titi.

Allurar wasu motocin zamani tana tsayawa a tsakiya ko da zafin ya ɗan yi sama ko ƙasa, ba ta motsi sai abu ya yi nisa. Ainihin lambar tana cikin kwamfutar motar. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar gwaji. Jona ta ka karanta lambar da idonka.

Da zafi ya tashi a hanya, kashe esi, ka kunna hita zuwa ƙarshe, domin tana janye wani zafin daga inji. Tsaya, ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin lagireto. Ina roƙonka da wannan, saboda ruwan da zai feso yana saɓule fatar fuska da hannu. Jira aƙalla rabin awa, sai tiyon sama na lagireto ya huce ya yi laushi. Kada kuma ka sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi. Tof silinda, wato murfin saman inji, na yawancin waɗannan motoci alminiyon ne, yana iya lanƙwasa ko ya tsage.

Tambayar da ake fara yi

Karanta wannan hira a bayyane, kai da na kusa da kai.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Me ke damun motar?"

"Zafi take yi, Malam. An ce in sauya lagireto."

"Kafin nan, ranka ya daɗe, yaushe take yin zafin? A gosulo ne, ko in ka ɗau hanya?"

"In na shiga cunkoson Kawo ko na Ahmadu Bello Way sai allura ta tashi. Da na hau hanyar Zariya sai ta sauka."

"To, Alhaji, bar lagireto tukuna. Fanka za mu fara dubawa."

Me ya sa bakaniken ya faɗi haka? Mota in tana gudu, iskar hanya ce ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwa. In ta tsaya, aikin ya koma kan fanka ita kaɗai. Zafin da ke zuwa a tsaye, ya tafi a guje, yana nuna iska ce ta gaza. Bar motar a silo ka kunna esi, ka duba. A yawancin motoci fanka za ta tashi ba da jimawa ba. In ba ta tashi ba, duba fis, sannan rile, sannan wayar da ke shiga fankar. Sai waɗannan sun fita lafiya za a zargi fankar kanta. Fis kuɗinsa kaɗan ne, lagireton irin wannan mota kuwa sau da yawa sai an yi odarsa daga Legas ko daga waje.

Idan kuma akasin haka ne, wato cikin gari lafiya lau, amma a hanyar Abuja da an taka totur zafi ya tashi, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya toshe. Duba famfon ruwa da fambel ɗinsa, da tiyon ƙasa, wanda in ya tsufa yakan shanye ya matse idan inji ya yi sama. Leƙa ƙarƙashin bamba ma. Akwai faifan roba da ke karkato iska zuwa lagireto. Tudun rage gudu da ramukan unguwa suna fizge shi, mutane kuma su ce ado ne, su jefar. Ba ado ba ne.

Zafin da ya tashi minti kaɗan bayan tayar da mota, tiyon sama kuma yana nan da sanyi, yana nuna tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗumama, ya maƙale a rufe, ko ruwa ya ƙare, ko famfo ya mutu. Yawancin BMW Z4 masu silinda shida na 2006 zuwa 2016 famfonsu na lantarki ne. Yakan mutu ba ƙara, ba yoyo, sai na'urar gwaji ce za ta tona shi.

Motar da injinta ke baya

Porsche Boxster, wadda ta fara fitowa a 1996, tana rikita wanda bai saba ba. Injinta yana bayan kujeru, manyan lagiretonta kuwa guda biyu ne, suna gaba, ɗaya a kowace kusurwar bamba. Dogayen bututu ne ke kai ruwa gaba su dawo da shi ta ƙarƙashin mota, kuma ruwan da take sha ya fi ninki biyu na ƙaramar mota.

Wannan tsari yana jawo matsala biyu. Bakin da iska ke shiga yana dab da ƙasa, yana kwasar ganye da leda da yashi. Dattin yana taruwa tsakanin kondensar esi da lagireto, inda ido ba ya gani daga waje. In damina ta jiƙa shi sai ya zama laka, ya toshe iska, ya kuma cinye ƙarfen. Ba a iya share shi da kyau sai an cire bamba. Aikin yana da cin rai, amma a garin da ke da ƙura irin namu, ni a ganina a yi shi duk ƙarshen hunturu.

Ta biyu ita ce iska a cikin bututu. Duk lokacin da aka zubar da ruwa aka sake ɗurawa, iska takan maƙale a wani lungu. Alamarta ita ce allura ta riƙa hawa da sauka ba dalili, hita kuma ta busa sanyi. Sai an fitar da iskar ta bawul ɗin da aka tanada, ko a ɗura ruwan da na'urar zuƙe iska.

Abin da ba na so ka koya

A garejinmu da yawa, da mota ta yi zafi sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. Ana cewa wai na ƙasar sanyi ne. Wannan ba gyara ba ne. In babu tamostat, inji yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur, injin kuma ya riƙa lalacewa da wuri. A injuna da yawa kuma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba. Cire shi yana barin hanyar a buɗe, zafin ya ƙaru. Gwada shi ba wuya. A jikinsa an buga lamba, misali 82 ko 88. Jefa shi cikin tukunyar ruwa ka ɗora a wuta. Mai irin wannan lamba, in yana da lafiya, zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. In bai buɗe ba, sayi sabo mai lamba irin tasa.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farar ƙasa da tsatsa a siraran hanyoyin lagireto. Zuba kulan irin wanda littafin motar ya faɗa, rabi da rabi da tataccen ruwa, kada ka gauraya iri biyu. Kulan yana da zaƙi, kuma guba ne. Ajiye shi nesa da yara da awaki.

Gasket a ƙarshe

Kada ka kwance tof silinda sai ka ga shaidar cewa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakaninsa da jikin inji, ya lalace. Farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi da bai daina fita daga salansa ba bayan inji ya ɗumama. Baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara. Kumfa da ke ta ɓulɓulowa a tankin ruwa. Ruwa yana raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa. Ɗan tururin safiyar hunturu ba ya cikin lissafi. Akwai wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin tanki. In hayaƙin inji yana shiga ruwa, sai ya juye rawaya.

Aikin gida

Rubuta lambobin 82 da 105 da 120 da haruffa, ka faɗi abin da kowace ke nufi a wannan darasi. Sannan ka je garejin da ke kusa da kai, ka nemi izinin maigidan wurin, ka karanta lambar da ke jikin tamostat guda ɗaya da ta murfin lagireto guda ɗaya. Rubuta su a littafinka tare da sunan motar, ka zo da su aji.