Yadda na samu cincin ɗina ya shiga kanti

Ina yin cincin da dambun nama a gida, a Tudun Wada. Da na kai wani kanti a Samaru, sai aka ce babu lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) a jikin leda, ba za su karɓa ba.

Ashe hukuma biyu ce ke kula da harkar. Abincin da ake dafawa a sayar nan take, kamar waina ko alala, ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma ne ke duba shi. Abin da aka ƙulle a leda aka sa masa suna don ya zauna a kanti kuwa, na NAFDAC ne.

Na fara yin rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da kasuwanci, sannan na cike fom a NAPAMS, shafin intanet na neman rajistar NAFDAC.

Babban aikin shi ne ɗaki. Ana son wurin suyar kayan sayarwa ya rabu da madafar da ake tuwon gida, kuma ni ma na ga dacewar hakan, don yara ne suka fi cin cincin ɗin nan. Na kwashe ɗakin ajiya, na sa tayil, na sa raga a taga saboda ƙuda, na kafa wurin wanke hannu a bakin ƙofa. Ni da ƙanwata muka yi gwajin lafiya. Ranar dubawa, jami'ar NAFDAC ta leƙa har ƙarƙashin tebur kafin ta ɗauki samfur.

Takardar jikin leda tana ɗauke da kayan haɗi, ranar yi, ranar lalacewa da adireshi. Rajistar shekara 5 take yi. Dambu rajistarsa daban, ita nake bi yanzu.